Me Ya Sa Ƙarfin Jiƙon Tsiro Yake Raguwa Bayan An Rarrabe Shi?

Tambaya: Wani ɗalibin kimiyyar harhaɗa magunguna ya rubuto cewa ya jiƙa garin ganyen wani tsiro a cikin etanol, ya gwada jiƙon a kan bakteriya, ya ga ya hana su yaɗuwa. Amma da ya rarrabe jiƙon zuwa ɓangarori domin ya gano sinadarin da ke yin aikin, sai kowane ɓangare ya fito da rauni. Yana son sanin yadda ake ware sinadari guda daga tsiro, da yadda ake tabbatar da cewa shi ne mai aikin.

Amsa: Abin da ya same ka sananne ne ga duk wanda ya daɗe a wannan fanni, kuma dalilansa ba su cika wuce huɗu ba. Ko dai sinadarin ya lalace ko ya maƙale a hanya lokacin rarrabewa, ko ya watsu cikin ɓangarori da yawa har kowanne bai samu isasshe ba, ko aikin na sinadarai biyu ne da ka raba tsakaninsu, ko kuma tun farko ƙarfin da ka gani a ɗanyen jiƙon ruɗi ne da ya fito daga gwajin kansa. Ɗalibai sun fi saurin rungumar dalili na uku domin ya fi daɗin rubutawa, alhali a ganina na farko da na huɗu sun fi shi faruwa nesa ba kusa ba. Ba za a gano bakin zaren ba sai an bi aikin tun daga tsiron.

Ganye ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan sinadarai, wani lokaci ma dubbai. Mafi yawansu na tafiyar da rayuwar tsiron ne, kamar sukari da furotin da maiƙo da koren launin ganye. Waɗanda masu neman magani suke farauta su ne waɗanda tsiro yake ƙerawa domin kare kansa daga ƙwari da dabbobi da fumfuna da zafin rana, irin su dangin alkaloyid da fulabonoyid da safonin da tanin, kuma yawansu ya bambanta ƙwarai daga wani tsiro zuwa wani. Danƙon ofiyom yana ɗauke da morfin kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, shi ya sa Friedrich Sertürner, wani matashin mai harhaɗa magunguna a Jamus, ya iya ware shi a wajajen 1805 da kayan aiki marasa wuya. Haka kuma Pelletier da Caventou suka fitar da kwinin daga ɓawon itacen sinkona a Faransa a 1820. Amma binkiristin, maganin da ake ba yara masu sankarar jini, sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a samu giram ɗaya. Saboda haka sinadarin da ya fi yawa a kwalbarka, wanda zai fara fitowa da farin kiristal mai ban sha'awa, sau da yawa ba shi ne yake kashe bakteriyar ba.

Kafin a taɓa kowane ruwan narkarwa, wajibi ne masanin tsirrai ya tantance jinsin tsiron, a busar da samfuri mai ganye da fure ko 'ya'ya, a ajiye shi a ma'ajiyar busassun tsirrai da lambarsa, a rubuta wurin da aka tsinko shi da lokacin da ɓangaren da aka ɗauka. Sunan gargajiya ba ya wadatarwa, domin suna ɗaya yakan hau kan tsirrai biyu ko uku. A farkon shekarun 1990, mata fiye da ɗari a Beljiyam sun samu lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba, kuma bincike ya nuna cewa an saka saiwar Aristolochia fangchi a maimakon Stephania tetrandra, tsirrai biyu da sunayensu na Sinanci suke kama da juna. Wasu daga cikin matan sun kamu da sankarar hanyar fitsari daga baya. A ɗakin bincike irin wannan kuskure ba ya kashe kowa, sai dai yana sa wanda zai maimaita aikinka ya kasa samun abin da ka samu.

Busarwa ma tana canza tsiro. Da zarar an yanke ganye, enzayim ɗin da ke cikinsa yakan fara farfasa wasu sinadaran, don haka ake busarwa a inuwa mai iska ko a tanda mai zafin da bai wuce digiri 40 ba, ko a daskarar da shi nan take idan ana zargin sinadarin ba ya jure jira.

Daga nan sai zaɓen ruwan narkarwa. Ƙa'idar ita ce kowane sinadari yana narkewa a cikin ruwan da ya yi kama da shi a ɗabi'a. Masu son maiƙo suna bin hekzen, matsakaita suna bin etil asitet ko daikuloromitan, masu son ruwa kuma suna bin metanol da etanol da ruwa kansa. Etanol da ka yi amfani da shi yana kwaso kusan komai, wanda hakan alheri ne a gwajin farko, amma yana nufin jiƙonka cike yake da tanin da sukari da koren launi. Zafi kuwa shi ne abin da na fi so ka tuhuma. Na'urar Soxhlet, wadda aka ƙirƙira a 1879 domin fitar da maiƙo, tana barin abin da aka tatso yana tafasa a cikin tulun gilashi na tsawon sa'o'i, kuma ba kowane sinadari ne yake fita daga wannan da ransa ba. Man furen kamomil shuɗi ne, amma babu shuɗin sinadarin a cikin furen. Tururin da ake tatsar man da shi ne yake juya wani sinadari marar launi ya koma shuɗi. Haka nan hayosayamin da ke cikin tsirrai irin su Atropa belladonna yakan juye zuwa atirofin lokacin tatsa, atirofin kuwa gauraye ne na siffofi biyu, ɗaya mai ƙarfi, ɗaya kusan marar aiki.

Labarin atemisinin ya fi kowanne bayyana wannan. A 1967 ƙasar Sin ta kafa wani shiri na neman maganin zazzaɓin cizon sauro, Tu Youyou, wata mai binciken magunguna, kuma ta shiga cikinsa a 1969. Jiƙon Artemisia annua yana cikin waɗanda suka gwada, amma sakamakonsa ba ya tsayawa a wuri ɗaya, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Da ta koma ga rubutun Ge Hong, wani likita na ƙarni na 4, sai ta lura cewa shi jiƙa tsiron yake cewa a yi a cikin ruwa a matse a sha, bai ambaci dafawa ba. Wannan ya sa ta zargi zafi, ta koma amfani da sinadarin ita (ether), ruwan narkarwar da ke tafasa a digiri 35 kacal, sannan ta cire ɓangaren jiƙon mai asid, wanda yake da guba kuma ba ya aikin komai. A watan Oktoba na 1971 samfuri mai lamba 191 ya kawar da ƙwayar cutar gaba ɗaya daga jinin ɓerayen gwaji, a 1972 aka samu tsantsar sinadarin, a 2015 kuma ta karɓi kyautar Nobel. Tsiron bai canza ba tsakanin gwajin da ya faɗi da wanda ya yi nasara, hanyar tatsa ce ta canza.

Bayan an ƙafar da ruwan narkarwa a injin juyi mai zuƙe iska, a zafin da bai kai digiri 40 ba, abin da ya rage danƙo ne mai duhu, shi ne ɗanyen jiƙo. Rarrabewar farko ba ta da wuya: a narkar da danƙon a ruwa mai ɗan metanol, a girgiza shi da hekzen a mazurarin rabawa, sannan da etil asitet, sannan da butanol, a samu ɓangarori huɗu da suka bambanta a son ruwa da son maiƙo. Idan alkaloyid ake nema akwai hanya mafi kyau, wadda magabatan fannin suka dogara da ita. A cikin ruwa mai asid alkaloyid yana zama gishiri ya narke, sai a wanke maiƙo da launi a zubar. Idan aka zuba amoniya sai ya koma asalinsa ya bar ruwan ya shiga daikuloromitan. Da wannan juyi biyu kaɗai ake raba shi da mafi yawan tarkacen tsiron.

Sauran aikin na kuromatogirafi ne, dabarar da Mikhail Tsvet, masanin tsirrai ɗan Rasha, ya bayyana a 1906 bayan ya zuba jiƙon ganye a bututun gilashi cike da garin alli, ya ga launukan sun rabu zobe-zobe. A yau garin silika ne aka fi cika bututun da shi. Ana ɗora jiƙon a sama, a riƙa zuba ruwan narkarwa ana ƙara masa ƙarfi sannu a hankali, sinadaran da silika ba ta riƙe su sosai ba su riga fita, waɗanda ta riƙe su biyo baya. Kowane abin da aka tara a kwalabe ana ɗiga shi a faranti mai siririn shafen silika, a duba shi a ƙarƙashin fitilar hasken da ido ba ya gani, ko a fesa masa ruwan gwaji, kamar na Dragendorff da ke mayar da alkaloyid launin ruwan lemo, sannan a haɗa kwalaben da suka yi kama da juna. Tsarkakewar ƙarshe a kan yi ta ne da injin HPLC, wanda yake tura ruwa da matsi mai ƙarfi ta cikin bututun ƙarfe.

To, silika ita ce wurin da sinadarai da yawa suke ɓata. Tana da ɗan asid a jikinta, don haka takan farfasa sinadarai masu rauni, takan kuma damƙe alkaloyid da sinadarai masu tsananin son ruwa ta ƙi sakinsu. Wanda bai auna nauyi ba, ba zai taɓa sanin hakan ya faru ba. Idan ka ɗora giram 10 a kan bututu, ka tara giram 6 a dukkan ɓangarorin, to giram 4 suna can cikin silika, kuma babu abin da zai hana mai aikin ya kasance a cikinsu. Maganin wannan shi ne a wanke bututun da zallar metanol a ƙarshe a gwada abin da ya fito, a ɗiga ɗan tirayetilamin a ruwan narkarwa idan alkaloyid ne, ko a sauya garin cika bututun zuwa alumina, ko Sephadex LH-20, ko silikar da aka lulluɓe da maiƙo wadda ake kira C18.

Babbar ƙa'idar fannin ita ce gwaji ne yake jagorantar rarrabewa. Ana gwada kowane ɓangare a kowane mataki, a bi wanda ya fi ƙarfi kaɗai, ko da shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi muni a ido, a ajiye sauran. Haka Monroe Wall da Mansukh Wani suka yi da ɓawon Taxus brevifolia, itacen da wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya ɗebo daga dazukan jihar Washington ta Amurka a 1962 a ƙarƙashin shirin Cibiyar Binciken Sankara ta ƙasar. Sun riƙa rarraba jiƙon suna gwada kowane kaso a kan ƙwayoyin sankara, har suka kai ga taksol, wanda bai wuce kimanin rabin giram ba daga kilo 12 na busasshen ɓawo, suka kuma wallafa tsarinsa a 1971. Da sun bi abin da ya fi yawa, da sun ƙare da sinadarai dabam waɗanda ba su da wani tasiri.

Wannan ƙa'ida tana tafe da lissafi mai sauƙi wanda ɗalibai da yawa suke tsallakewa. Idan rarrabewa tana tafiya daidai, ƙarfin aiki a kowane miligiram dole ya riƙa hawa daga mataki zuwa mataki, tunda tarkace ake cirewa. A ce ɗanyen jiƙonka yana hana bakteriya girma a maikurogiram 500 cikin kowace mililita, sinadarin da ka ware kuma kashi 1 ne cikin 100 na jiƙon. Idan shi kaɗai ne mai aikin, ya kamata tsantsarsa ta yi aiki a wajajen maikurogiram 5. Idan ka gwada ka ga sai a maikurogiram 200 yake aiki, to gudummawarsa ga ƙarfin jiƙon ƙarama ce ƙwarai, kuma mai aikin na gaskiya yana wani wurin. Masu bincike da dama ba sa ɗaukar ɗanyen jiƙo da muhimmanci sai ya yi aiki a ƙasa da maikurogiram 100 cikin mililita, tsantsar sinadari kuma a ƙasa da 10. Rahoton da ke murnar cewa jiƙo ya kashe bakteriya a miligiram 50 cikin mililita bai faɗi komai ba, domin a wannan kauri ganye kaɗan ne ba za su yi hakan ba.

Sai batun ruɗin gwaji, wanda nake ganin ya kamata ka fara kawar da shi kafin komai. Tanin yana manne wa furotin kowane iri ya daskarar da shi, don haka jiƙo mai tanin da yawa zai nuna yana hana kusan kowane enzayim aiki, zai kuma dami bakteriya a faranti, ba tare da wani amfani a jikin mai rai ba. Tanin kuma yana cikin abubuwan da silika take riƙewa, wanda hakan ya dace sosai da abin da ka bayyana, wato ƙarfi a ɗanyen jiƙo da rauni bayan bututu. Ana gane shi ta hanyar bi da jiƙon ta cikin garin foliyamayid, wanda yake kama tanin, sannan a sake gwaji. Ragowar etanol a cikin danƙon da bai bushe sarai ba shi ma yana kashe bakteriya, haka ma DMSO da ake narkar da samfuri da shi idan ya yi yawa, shi ya sa dole a samu rijiyar gwaji, wato ɗan ramin farantin da ake zuba samfuri, mai ruwan narkarwa kaɗai, da wata mai sanannen maganin bakteriya domin kwatance.

Hanyar gwajin ma tana da tata matsalar. Idan ka yi amfani da 'yar takardar da ake jiƙawa a ɗora a kan faranti a auna faɗin da'irar da bakteriya ba su tsiro ba, to ka sani cewa faɗin da'irar yana auna saurin tafiyar sinadari a cikin daskararren abincin bakteriyar ne kamar yadda yake auna ƙarfinsa. Abincin nan kusan duk ruwa ne, don haka sinadari mai son maiƙo, komai ƙarfinsa, zai tsaya a kan takardar ya ba da ƙaramar da'ira. A ɗanyen jiƙo wasu sinadaran, kamar safonin, sukan taimaka masa ya narke ya yaɗu, idan aka raba su sai ya zauna wuri ɗaya. Gwajin tsarma samfuri a jerin ƙananan rijiyoyi 96 na faranti ya fi wannan aminci. A gwajin ƙwayoyin sankara kuma, launin MTT da ake dogara da shi wajen ƙirga ƙwayoyin da suke raye, wasu sinadaran tsiro da kansu suna juya shi ko babu ƙwaya ko ɗaya. Gwajin DPPH, na auna ƙarfin jiƙo wajen hana illar oksijin, da ya cika rahotannin ɗalibai kuwa mu'amala ce tsakanin sinadari da sinadari a cikin kwalba, kuma ba hujja ba ce ta cewa abu zai yi wa jiki magani. A 2010 Jonathan Baell da Georgina Holloway suka tsara jerin siffofin sinadaran da suke bayyana kamar masu aiki a gwaje-gwaje iri-iri saboda suna rikita gwajin. Kurkumin, sinadarin da ke cikin kurkum, na cikin waɗanda aka fi zargi da wannan hali: an wallafa dubban rahotanni a kansa, amma ba ya daɗewa bai farfashe ba, kuma kaɗan ne ƙwarai daga abin da aka haɗiya yake isa jini.

Haɗin gwiwar sinadarai gaskiya ne, ba na musun sa. A 2000 Frank Stermitz da Kim Lewis da abokan aikinsu suka nuna cewa wasu tsirran dangin Berberis suna ƙera barbarin, alkaloyid mai raunin kashe bakteriya, tare da wani sinadari na biyu wanda shi kaɗai ba ya kashe komai. Bakteriyar Staphylococcus aureus tana da famfo a jikinta da take fitar da barbarin waje da shi, sinadarin na biyu kuma toshe wannan famfo yake yi, sai barbarin ya taru a ciki ya yi kisa. Wanda ya raba waɗannan biyu zai ga abin da ka gani daidai. Amma wannan da'awa ce da ake tabbatarwa da gwaji, kuma gwajin yana hannunka: ka sake haɗa dukkan ɓangarorin bisa gwargwadon nauyin da kowanne ya fito da shi, ka gwada haɗin tare da ɗanyen jiƙon da ka ajiye, a rana ɗaya a faranti ɗaya. Idan ƙarfin ya dawo, to babu abin da ya lalace, ko dai sinadari ɗaya ne ya watsu a ɓangarori maƙwabta, ko biyu ne suke aiki tare, sai ka riƙa haɗa ɓangarorin biyu-biyu har ka gano waɗanda suke buƙatar juna. Idan bai dawo ba, to abin ya lalace ko yana cikin silika, sai ka kwatanta ɗigon ɗanyen jiƙon da na haɗin a faranti ɗaya ka ga wane tabo ne ya ɓace ko wane sabo ne ya bayyana.

Idan aka kai ga sinadari guda, sauran aiki shi ne gano tsarinsa. Injin auna nauyin molikul yana ba da adadin atom na kabon da haidirojin da oksijin da naitirojin, injin NMR yana nuna wane atom ne yake maƙwabtaka da wane, hasken eksire kuma, idan an samu kiristal mai kyau, yana fitar da siffar gaba ɗaya. Abin da a yau ake gamawa cikin makonni da miligiram kaɗan, a da yakan ci rayuwar mutane: ba a gano tsarin morfin ba sai a 1925 a hannun Robert Robinson da John Gulland, kusan shekara 120 bayan ware shi, kuma sai a 1952 Marshall Gates ya haɗa shi a ɗakin bincike. Azadiraktin, sinadarin 'ya'yan dogon yaro da ke hana fara cin ganye, an ware shi a Ingila a 1968, amma sai tsakiyar shekarun 1980 aka daidaita kan tsarinsa. Yadda atom suke fuskantar juna a sarari ma yana da nauyi, domin kwinin da kwinidin daga ɓawo ɗaya suke fitowa da atom iri ɗaya, bambancinsu a fuskantar wurare biyu ne kawai, amma kwinidin ya shahara ne a matsayin maganin rikicewar bugun zuciya.

Abu biyu nake so ka kiyaye a wannan mataki. Tabo ɗaya a farantin silika ba shaidar tsarki ba ce. Gurɓataccen kashi 2 cikin 100 na wani sinadari mai tsananin ƙarfi ya isa ya sa a jingina aiki ga wanda bai yi ba. Sannan tun kafin ka ɓata watanni, ka aika ɓangaren da ya fi ƙarfi a auna nauyin molikul ɗinsa a kwatanta da rumbunan bayanai, domin kada ka ƙare da sake gano kwasetin ko sitosterol ko lufiyol, waɗanda suke cikin tsirrai ba adadi kuma an ware su sau ba iyaka. Akwai ma abin da ya fi wannan ban takaici, wato sinadaran talet da ake tausasa roba da su, waɗanda suke zubowa daga jarkoki da bututun roba su shiga samfuri, har a wallafa su a matsayin abin da aka samo daga tsiro.

Ko da sinadari ya tsallake duk wannan, tsakanin faranti da jikin mutum akwai tafiya mai nisa. Tambayar farko ita ce ko yana bambanta maƙiyi da mai gida, domin abin da ke kashe bakteriya a maikurogiram 8 kuma yake fasa jajayen ƙwayoyin jini a maikurogiram 10 guba ce kawai. Don haka ake gwada shi a kan lafiyayyun ƙwayoyin jiki a kwatanta adadin da ke cutar da su da wanda ke kashe bakteriya, kuma galibi ana son ratar ta kai ninki 10 ko fiye. Daga nan sai a duba ko yana narkewa, ko hanji yana tsotse shi, ko hanta tana rusa shi kafin ya isa inda ake so. Kamtotesin, wanda Wall da Wani suka ware a 1966 daga wani itace na ƙasar Sin, ba ya narkewa a ruwa, sai aka mayar da shi gishiri domin a iya yin allurarsa, ba a san cewa hakan yana buɗe zoben da ƙarfinsa ya dogara a kai ba. Gwajin marasa lafiya a farkon shekarun 1970 ya zo da guba mai tsanani da amfani kaɗan, aka jingine shi. Sai da aka gano a 1985 cewa wani enzayim mai warware murɗewar DNA yake kamawa, sannan aka ƙera 'ya'yansa biyu masu narkewa, tofotekan da irinotekan, waɗanda Amurka ta amince da su a 1996. Taksol ma sai da Susan Horwitz ta nuna a 1979 cewa yana daskarar da zaruruwan da ƙwayar halitta take rabuwa da su, sannan hankali ya dawo kansa, kuma bai samu izinin shiga asibiti ba sai a 1992, shekara 30 bayan ɗebo ɓawon. Atemisinin kansa ba ya narkewa da kyau, shi ya sa magungunan da ake sha a yau suke ɗauke da atesunet ko atemita, waɗanda aka gyaro daga gare shi.

Kada kuma ka ɗaure kanka ga aikin da ka fita nema. Robert Noble da Charles Beer a Kanada sun ɗauki Catharanthus roseus, furen da asalinsa daga Madagaska ne, saboda an ce yana maganin ciwon sukari. Bai sauke sukarin jini ba, amma ɓerayen da aka yi wa allurarsa sun riƙa mutuwa da cututtukan bakteriya saboda fararen ƙwayoyin jininsu sun ƙare. Maimakon su rufe littafi, sai suka mayar da raguwar fararen ƙwayoyin jini ta zama gwajin da zai jagoranci rarrabewa, a 1958 suka kai ga binbilastin, maganin sankara.

Batun wadatar tsiro yakan zo a ƙarshe, amma tun farko ya kamata a yi tunaninsa. Kwasar ɓawon Taxus brevifolia yana kashe itacen, kuma matsalar ba ta warware ba sai da aka koma haɗa taksol daga wani sinadari makusanci da ke cikin ganyen danginsa na Turai, daga baya kuma daga ƙwayoyin tsiron da ake renonsu a tankuna. Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka cimma a 2010 ta fara aiki a 2014, ta wajabta neman izinin ƙasar da tsiro ya fito da kuma raba amfani da ita da al'ummar da aka samu ilimin daga wurinta, don haka takardun izini suna cikin kayan aiki kamar yadda silika take. Sannan ka ɗebi tsiro mai yawa a karo ɗaya, ka ware wani kaso na garin da na ɗanyen jiƙon ka ajiye a injin daskarewa ba tare da ka taɓa su ba, domin ɗiba ta biyu ba lalle ta zo da sinadarai irin na farko ba. A 1987 an ɗebo samfurin wani itacen Calophyllum a Sarawak ta ƙasar Maleshiya, aka samu kalanolayid A a cikinsa, sinadari mai hana ƙwayar cutar HIV hayayyafa a gwaji, amma da aka koma neman ƙari sai aka tarar an sare itacen, kuma samfuran da aka fara ɗebowa daga wasu itatuwa a yankin ba su ba da sinadarin ba.